Garin Kwaikwayon 'Yan Fim, Kada Kitso Ya Cinye Gaban Goshi

DUK wanda ya daɗe yana kallon finafinan Hausa ya san da wuya a ga jaruma ta fito kai ba ɗankwali. Tun daga Turmin Danya na 1990, zuwa Sangaya na 1999 wanda ya ɗaga Fati Mohammed, har kawo masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Labarina, kan mace a fim ɗin Hausa a rufe yake, ko da ɗankwali, ko gyale, ko hijabi. Al'ada ce ta fara kawo hakan, daga baya Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001 ta ƙara sa ido a kan sutura. To amma akwai wani ɗan wuri da kyamara ba ta rasawa, wato gaban goshi: ɗan gashin nan da ke leƙowa idan jaruma ta yi ɗaurin ture-ka-ga-tsiya, ya kwanta luf yana sheƙi, da ƴan layukan kitso ƙanana a bayansa.

Wannan ɗan gashin da bai wuce faɗin yatsa biyu ba, shi 'yan mata masu kallo ke zuba wa ido. A Funtua, Bakori, Danja, Kafur da Malumfashi, kamar ko'ina, zamanin kaset da faifan CD ya wuce, a waya ake kallo. Ita kuwa waya tana da abin da bidiyon da ba shi da shi: ana tsayar da hoto, a jawo shi kusa, a miƙa wa mai kitso a ce irin wannan ake so. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, gashin gaban goshi ya fi kowane gashi a kan mace rauni. Shi ke fara tafiya idan an matsa masa, kuma idan tafiyar ta yi nisa ba ya dawowa. Sai ka ga budurwa ba ta kai shekara 20 ba, amma ta fara jawo ɗankwali har kan gira don kada a ga gabanta ya cinye.

ABIN DA KYAMARA BA TA NUNAWA

Da farko ya kamata mai kallo ta san cewa kwalliyar lokeshin ta lokeshin ce. Kafin darakta ya ce a ɗauka, mai kwalliya ta gyara fuskar jaruma, an shafe gaban gashin da jel, an saita fitilu ta inda zai yi ƙyalli. Idan an yanke, a sake gyarawa. Sannan dole kitson da jaruma ta fara fim da shi ya kasance shi ne a kanta har a gama, domin fitowar da mai kallo ke gani a jere cikin minti biyar, wataƙila kwana uku ne a tsakanin ɗaukarsu. Wannan larura ce ta aiki, kuma ta 'yan kwanaki ce. Ita kuwa mai kwaikwayo a Dandume ko Ƙanƙara, wata biyu za ta yi da nata kitson, ta yi girki da shi a gaban murhu, ta ɗauki tulu, ta je Islamiyya, ta kwanta da shi.

Sai kuma finafinan Indiya, waɗanda Bahaushe ya fi shekara hamsin yana kallo, da littattafan soyayya da kusan duk jarumar cikinsu gashinta har gadon baya yake. Su suka dasa wa samari da 'yan mata tunanin cewa gashi mai kyau shi ne mai tsawo mai santsi. Alhali halittar ce ta bambanta. Silin gashin Ba'indiya zagayayye ne, yana fitowa a miƙe, man da fatar kai ke fitarwa yana gangarowa a kansa har ƙasa. Silin gashin yawancin Hausawa a ɗan baje yake, yana fitowa a nannaɗe, kuma duk inda ya lanƙwasa wurin karyewa ne. Man fatar kai ma ba ya iya bin wannan kwana-kwanar ya kai ƙarshe, shi ya sa yake saurin bushewa. Gashi ne mai cika da kwarjini, sai dai ba ya son ja, ba ya son bushewa, ba ya son yawan taɓawa.

ME KITSO KE YI WA GASHI?

Akwai masu cewa kitso yana sa gashi tsawo. Gaskiyar magana, daga cikin fata gashi ke tsirowa, kimanin santimita ɗaya a wata, ko an yi kitso ko ba a yi ba. Wato mace mai gashin da ya kai santimita 24, bakin jelarta ya yi shekara biyu a duniya yana shan rana da ƙura da mataji. Aikin kitso shi ne ya tattara waɗannan tsofaffin bakunan ya ɓoye su, ya hutar da su daga taza ta kullum, don kada abin da ya tsiro ta sama ya kakkarye ta ƙasa. Wadda ke kukan gashinta ya tsaya wuri ɗaya shekara da shekaru, yawanci ba tsayawa ya yi ba, karyewa yake yi daidai da yadda yake tsirowa.

Kakanni sun san wannan tun kafin a zo da salun. Mutum-mutumin yumɓu da aka tono a yankin Nok da ke kudancin Kaduna, waɗanda suka haura shekara 2,000, da gyaran kai iri-iri aka same su. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Nijeriya, J.D. 'Okhai Ojeikere, ya fara bin matan ƙasar nan yana ɗaukar hoton kitsonsu a 1968, kafin rasuwarsa a 2014 ya tara kusan hotuna 1,000, waɗanda aka baje a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka. A ƙasar Hausa akwai doka, wadda ake tayar da ita a tsakiyar kai, akwai zane, shuku, kalaba, kitson zare da kitson Fulani. Daga baya gana wibin da ire-irensa suka shigo daga kudu. Dukkansu suna iya kare gashi, dukkansu kuma suna iya cinye shi. Ya danganta da hannun mai kitso, girman tsagar, da tsawon lokacin da aka bar shi.

ZAFIN DA AKE ƊAUKA ADO NE

Kusan kowace mace ta san daren farko na sabon kitso: kai na zogi, gira ta ɗage sama, ba a iya ɗora kai a matashi, wata har sai ta sha farasitamol. An saba da hakan har ana ganin idan kitso bai yi zafi ba to bai kamu ba, kuɗin sun tafi a banza. Ita ma mai kitso tana tsoron a ce hannunta ba ya kama gashi, don haka sai ta tsinto har 'yan mitsi-mitsin gashin da ke bakin goshi da gefen kunne ta tamke.

Likitocin fata sun daɗe da sanin sakamakon wannan. Sanƙo ne da ja ke kawowa. Farfesa Nonhlanhla Khumalo ta Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu ta jagoranci wani bincike da aka wallafa a 2007, inda aka samu wannan matsalar a kan kashi 31.7 cikin 100 na matan da aka duba, da kashi 17.1 cikin 100 na 'yan mata 'yan makaranta. Kusan mace ɗaya cikin uku ke nan. Binciken nata ya kuma nuna cewa haɗarin ya fi yawa ga wadda ta miƙar da gashinta da rilaksa sannan ta ɗora masa kitso mai ja.

Yadda abin ke faruwa ba wuya. Kowane sili yana da ɗan raminsa a cikin fata inda saiwarsa take. Idan aka ja shi kwana da kwanaki, ramin sai ya kumbura. Alamun farko su ne zogi, ciwon kai, 'yan ƙuraje a bakin tsaga, da fatar da ke tashi tsini a gindin kitso. Idan aka sassauta a wannan matakin, gashi yana dawowa cikin watanni. Idan kuwa aka ci gaba shekara bayan shekara, ramin ya zama tabo, wurin ya yi sumul yana ƙyalli, to babu man da zai sake tsirar da gashi a nan, komai tsadarsa, komai tallarsa da aka gani a TikTok.

Don haka ma'aunin ba ya buƙatar likita: kitson da ya hana mace ɗaga gira, ko ya hana ta barci, ya yi tsauri, kuma a ranar ya kamata a sassauta shi, ko da layin gaba ne kawai aka warware. Ya fi kyau tun kafin a fara a gaya wa mai kitso cikin ladabi ta bar 'yan ƙananan gashin gaba, kada ta kama su. Kitson da ya ɗan yi laushi ba zai kai wancan daɗewa ba, amma gara a koma wurin mai kitso sau biyu da a yi garin neman gira a rasa ido.

KOWANE LOKACI DA KITSONSA

A wannan yanki na kudancin Katsina, noma ke juya komai, har da kan mata. Ƙasa ce ta masara, dawa, waken suya, shinkafa da auduga. Funtua da Malumfashi sun daɗe da suna a harkar auduga da injinan gurzarta, Dandume kuma kasuwar hatsinta sananniya ce. Mai hikima sai ta duba abin da ke gabanta kafin ta zaɓi kitso.

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, matsalar gumi ce da laima. Matan da ke shiga gona da kansu, kamar yadda ake gani a ƙauyukan Maguzawa na wajen Malumfashi da Kafur, da 'yan matan da ke kai abinci gona, kansu ba ya rabuwa da jiƙa. Abin da ya dace a nan shi ne zane mai matsakaicin girma, layi takwas zuwa sha biyu, wanda ruwa zai ratsa a wanke shi, iska kuma ta ratsa ya bushe da wuri. Kitso mai cunkoso yana riƙe laima a ƙarƙashin ɗankwali, daga nan sai ƙaiƙayin kai, wari da amosani.

Da kaka kuwa, daga Oktoba zuwa Disamba, aiki ne ke komowa gida. Ga ɓarar masara, ga sussuka, ga casa, ga shiƙa. Karin maganar nan ta ƙaiƙayi koma kan masheƙiya, a nan ba misali ba ce, zahiri ce. Ga kuma tsinkar auduga, wadda yawanci mata da yara ke yi, ita kuma auduga da ta samu gashi mai maiƙo sai ta manne. A wannan lokacin kalaba mai jela a sake ba ta da amfani, don duk abin da ke yawo a iska a cikinta zai sauka. Gara shuku ko zanen da aka naɗe jelarsa aka cusa, a ɗaure kai ruf kafin a fara aiki, a kuma rage lafta mai. Mai kaɗan a tafin hannu ya isa.

Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska ce ke zuƙe ruwan jikin gashi kamar yadda take fasa leɓe da dunduniya. A wannan lokacin gashi ya fi karyewa, kuma a lokacin ne ya fi buƙatar a ɓoye shi. Kitson zare yana da kyau ƙwarai a nan, domin yana naɗe silin tun daga tushe har ƙarshe, yana kuma miƙar da gashi ba tare da wuta ba, muddin ba a tamke gindinsa ba. Matsalar ita ce hunturu a wannan yanki lokacin biki ne. An sayar da amfanin gona, kuɗi sun shigo, kowane Asabar da ɗaurin aure. 'Yan mata sai su riƙa tsefe wannan su ɗora wancan, kowane biki da sabon kitso ƙanana, a daidai lokacin da gashin ya fi rauni. Wadda ke da biki uku a wata ɗaya, gara ta yi kitso ɗaya mai kyau ta riƙa sauya ɗauri.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi ke hana sakat. Manyan kitso marasa nauyi, waɗanda za a iya tsefewa bayan sati biyu a wanke kai sosai, su suka fi.

Akwai kuma abin da ba ruwansa da lokaci, wato ɗaukar kaya. Yarinyar da ke ɗaukar farantin talla ko bokitin ruwa kullum, tsakiyar kanta na shan goga. Shuku mai tudu a tsakiya ba nata ba ne, domin nauyin zai danne tudun ya ja gashin ta kowane gefe. Zane zuwa baya da gammo mai laushi ya fi mata. Haka ma acuci da ribom: tulin da ake ɗaurawa a ƙeya don ɗankwali ya tashi, nauyinsa a gaban goshi yake ƙarewa. Ɗaurin ɗankwali mai tsauri a layi ɗaya kullum shi ma yana cin wurin.

WANKI DA MAI

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce ba a wanke kai sai an tsefe, don kada kitso ya tsufa. Fatar kai fata ce kamar ta fuska, tana gumi, tana tara datti. Ana iya wanke kai da kitso a kai duk bayan sati ɗaya ko biyu: a tsarma shamfu da ruwa, a zuba a bin tsaga, a murza da tsokar yatsa ba da farce ba, a ɗauraye sosai. Garin omo da sabulun wanki na kaya ne, suna kwashe maiƙon gashi gaba ɗaya su bar shi kamar tsintsiya. Sabulun salo ma yana da ƙarfi, a narka kaɗan a ruwa. Abu mafi muhimmanci, kada a rufe kai yana jiƙe. A wanke da hantsi, a zauna a tsakar gida ya sha iska kafin a ɗaura.

Wani abin mamaki shi ne, ɗaya daga cikin abubuwan da matan Turai da Amurka masu irin wannan gashin ke saye ta intanet da tsada, a bayan gida yake fitowa a Bakori. Karkashi ne. Can ana sayar da shi da sunan ambunu, sunan da ya zo daga Chadi. Idan aka jiƙa busasshen ganyensa a ruwan ɗumi, yauƙin da yake fitarwa yana wanke gashi a hankali, yana kuma sa shi santsi yadda mataji zai wuce ba tare da fizga ba. Iyaye mata sun san wannan tun tuni, 'yan baya ne suka raina shi don a miya suka san shi.

Game da mai, ya kamata a gane cewa mai ba ya jiƙa gashi, ruwa ke jiƙa shi, shi mai tsare ruwan yake yi kada ya gudu. Don haka a fara yayyafa ruwa kaɗan, sannan a bi da man kaɗanya, man kwakwa ko man zaitun, a fi ba jela muhimmanci. Man shanu da ake saye wurin matan Fulani yana laushi, amma yana saurin yin ƙarni, ya fi dacewa a shafa kafin wanki. Ita ma chebe, garin da matan Larabawan Chadi suka shahara da shi kuma ya cika kasuwa a 'yan shekarun nan, a jikin gashi suke shafa ta, ba a fatar kai ba, kuma aikinta rage karyewa ne. Mai amosani ta sani cewa lafta mai a fatar kai yana iya ƙara shi, domin ƙwayar da ke kawo shi maiƙo take ci. Shamfu mai maganin ketokonazol ya fi mata amfani. Da dare kuma, ɗankwali mai santsi ya fi na atamfa, don atamfa tana tsotse mai tana kuma goge gashi.

Ta fuskar ibada ma akwai abin lura. Malaman fiƙihun Malikiyya sun yi bayanin cewa ba dole ne mace ta tsefe kitso don wankan tsarki ba, matuƙar ruwa na ratsawa ya kai fata, amma idan ya tamke har ruwa ba ya shiga, to sai an warware. Ashe ko ta nan kitso mai sassauci ya fi sauƙi.

RILAKSA DA ƘARIN GASHI

Rilaksa sinadari ne mai ƙarfi. Wasu nau'o'insa da irin sodar da ake haɗa sabulu da ita ake yin su. Yana miƙar da gashi ne ta hanyar karya abin da ke riƙe da nannaɗewarsa, don haka duk gashin da aka shafa wa ya rage ƙarfi har abada, sai dai sabon da zai tsiro. Ƙunar da wasu ke ji ana ce masu su daure don ya ci, ƙuna ce ta gaske. Wadda ta riga ta saba da shi, aƙalla kada ta haɗa shi da kitso a rana ɗaya, ta ba shi sati biyu, kuma wurin ritocin a shafa wa sabon tsiro kawai.

A watan Oktoba na 2022, Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da sakamakon bin diddigin mata sama da 33,000 na kusan shekara 11. An gano cewa masu amfani da man miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara sun ninka sauran haɗarin kamuwa da kansar mahaifa, daga ƙasa da mace 2 cikin 100 zuwa kimanin 4 cikin 100 kafin shekara 70. Binciken alaƙa ya nuna, bai yanke cewa man ne kaɗai sanadi ba, amma ya isa uwa ta yi tunani kafin ta shafa wa 'yar shekara bakwai don sallah.

Shi kuwa ƙarin gashi, wanda ake kira atachimen, malamai sun daɗe suna hani a kansa, suna kafa hujja da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, shi ya sa bai yi ƙarfi a nan kamar kudu ba, duk da ana yi. Ta fuskar lafiya, nauyinsa a kan saiwar gashi yake rataye, kuma dogo ya fi gajere ɓarna. A watan Fabrairu na 2025 ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka ta gwada nau'o'i 10 na gashin roba da ake kitso da shi, ta samu sinadarai masu alaƙa da kansa a dukkansu, da dalma a cikin tara.

TSIFA DA HUTU

Likitocin fata suna ba da shawarar kada kitso ya wuce sati shida zuwa takwas, wannan kuma iyaka ce ta ƙarshe. Ga zane da shuku a ƙasa mai ƙura, sati biyu zuwa huɗu ya wadatar. Idan ya daɗe, sabon tsiro sai ya bar kitson yana lilo a kan 'yan silin da suka rage, datti da mai su dunƙule a gindi.

Gashi da yawa a wurin tsifa yake salwanta. Kada a tsefe shi a bushe. A yayyafa ruwa ko ruwan karkashi, a fara daga jela a yi sama, a yi amfani da kibiya a hankali, a warware ƙullin gindi da yatsa kafin a kawo mataji mai manyan haƙora. Kada a zuba ruwan wanki sai an taje, in ba haka ba ya cukurkuɗe. Kuma kada hankali ya tashi don an ga gashi ya cika mataji. Kowane mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, waɗanda kitso ya riƙe, don haka bayan sati huɗu sama da sili 1,000 ne za su fito lokaci guda. Abin dubawa shi ne gajajjerun gutsattsari, su ne alamar karyewa.

Bayan tsifa a ba kai hutun 'yan kwanaki da manyan kalaba huɗu ko shida. Kitso na gaba kuma a sauya masa hanya: wadda ta yi shuku ta koma zane, wadda ta tsaga ta tsakiya ta koma gefe, don kada wuri ɗaya ya yi ta shan ja.

Mutum uku ke buƙatar kulawa ta musamman. Amarya, wadda ake haɗa wa rilaksa, wuta da ƙananan kitso a sati ɗaya: gara a rarraba, a fara shiri wata guda kafin biki. Mai jego, wadda gashinta zai zuba da kansa wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa kuma ya dawo da kansa: wannan lokacin na manyan kitso ne da abinci mai gina jiki, ga wake, ga awara, ga zogale, duk a ƙofar gida. Sai ƙananan yara, waɗanda ake danne kansu a cinya suna kuka ana cewa rashin haƙuri ne. Yarinyar da ta yi kuka a wurin kitso, a duba hannun kafin a duba halinta. Kowace yarinya ta samu matajinta da kibiyarta, domin ƙwarƙwata da makero ta nan suke yawo. Shi makero ba ya jin man shafawa kaɗai, sai an sha magani daga asibiti. Haka duk wadda ta ga ƙuraje masu ruwa, ko wani wuri ya yi sumul, ko gashi na zuba ba dalili, ta je asibiti da wuri, don wani lokacin ƙarancin jini ne ko wata cuta ta daban.

SAURA 'YAN FIM DA SAMARI

A 2018 fim ɗin Black Panther ya fito a Amurka, ya tara sama da dala biliyan ɗaya. Shugabar masu gyaran gashi a fim ɗin, Camille Friend, ta bayyana cewa ba a yi amfani da rilaksa ko matajin wuta a lokeshin ba. Lupita Nyong'o ta fito da gashinta na halitta, Letitia Wright da kitso, Danai Gurira da aski ƙwal, kuma duniya ta yaba. Furodusoshi da masu kwalliya na Kannywood suna da irin wannan damar a ɗan wurin da kyamararsu ke nunawa. Idan jarumar da ake so ta fito da zane mai matsakaicin girma, gabanta a sake ba a tamke ba, kafin wata ya ƙare hoton zai isa hannun masu kitso daga Funtua har Malumfashi. Su kansu jaruman su suka fi kowa buƙatar hakan, domin su ke fita daga wannan lokeshin su shiga wancan ba hutu.

Samari ma da nasu. Saurayin da ke yi wa budurwarsa gorin gashin jarumar Indiya, ya sani shi ne zai zauna da ita bayan shekara goma, lokacin da jel ya daina rufe abin da ja ya cinye. Ita kuma budurwa, duk sanda ta zauna a gaban mai kitso ta miƙa waya, ta tuna cewa kitson sati uku zai yi ya tsufa, amma saiwar da ke ƙarƙashinsa ita ke nan har tsufa. Idan ta ji an ja, ta buɗe baki ta ce: Yaya, don Allah a sassauta mini gaban.